Raɓa a gilashin baya, da wayar da ba a gani

A ƙasashen da sanyi ke yin wata huɗu ko biyar bai ɗaga ba, irin su Ingila da Jamus da arewacin Amurka, akwai wata 'yar wahala da duk mai tsohuwar mota mai rufin naɗewa ya san ta. Yakan fito da sassafe a watan Nuwamba, ya shiga mota ya ja ƙofa, kafin ya gama ɗaura bel tagar baya ta yi fari fat da raɓa. In ya ɗaga kai ya dubi madubi, ba abin da zai gani sai wani haske dishi-dishi. Maƙwabcinsa mai motar zamani maɓalli ɗaya zai danna, cikin 'yan mintoci gilashinsa ya washe. Shi kuwa sai ya juya ya miƙa hannu da tsumma, ya goge iya inda hannunsa ya kai, kuma kafin ya fita daga layinsu raɓar ta dawo.

Maganin wannan wahala sananne ne: a sa gilashi mai zaren ɗumi a madadin tsohuwar tagar, a ja masa wuta. Aiki ne na yini guda, kayansa kuma ba su da tsada. Duk da haka masu irin waɗannan motoci sun rabu a kansa. Wasu na ganin taɓa tsohuwar mota ɓata ta ne. Wasu kuma, waɗanda su ne suka fi yawa kuma suka fi ban tsoro, na ganin ai waya biyu ce kawai, ko ina aka samu wuta a jona. Dukansu sun kauce. Mai motar da ke hawa titi a lokacin sanyi yana da hujjar sa wannan gilashi, amma hujjar tana tare da sharaɗi: sai in zai yi ɓangaren aikin da ba wanda zai taɓa gani, wato fis da kaurin waya da rile da hanyar komawar wuta, kamar yadda kamfanin da ya ƙera motar zai yi. In ba zai iya ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi, tsumman ya fi masa alheri.

Inda raɓar take fitowa

Duk wanda ya taɓa ciro kwalbar lemo daga firji a tsakiyar bazara ya ga tana gumi. Ruwan nan ba daga cikin kwalbar ya tsattsafo ba. Iska mai ɗumi tana riƙe danshi fiye da mai sanyi, saboda haka da zarar ta taɓa jikin abu mai sanyi sai ta sauke abin da ba za ta iya riƙewa ba. Abin da ke faruwa a cikin mota ke nan. Numfashin direba da na abokin tafiyarsa, da jiƙaƙƙen takalmi, da rigar da ruwan sama ya daka, duk suna cika ɗan ɗakin da danshi, gilashi kuma ya kwana a waje ya yi sanyi ƙalau. Mota mai rufin tamfol ta fi kowace fama da wannan, domin da wuya a samu tsohuwa wadda ba ta ɗan yoyo, kafet ɗinta kuma yakan kwana da laima.

Gilashin gaba yana da mai ceto, wato fankar da ke huro masa iska mai zafi daga injin. Na baya ya yi nisa da fanka. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗumama gilashin kansa, ba da yawa ba, iya yadda zai ɗara sanyin da ke sa iska ta sauke ruwa a kansa. In kuma ƙanƙara ce ta daskare a waje, ɗumin ya narkar da ita daga ƙarƙashi.

Dalilin da ya sa tsofaffin ba su da shi

Rufin da ake naɗewa yana buƙatar taga mai lanƙwasuwa, ko kuma wurin da za a kwantar da gilashi ba tare da ya fashe ba. Kamfanoni da yawa sun zaɓi hanya mai sauƙi, suka ɗinka roba mai haske a jikin tamfol. Roba ba nauyi, ba tsada, kuma tana bin rufin duk yadda aka ninke shi. Mazda MX-5, wadda aka fara nunawa a baje-kolin motoci na Chicago a watan Fabrairun 1989, da tagar roba mai zik ta fito, kuma ba ta samu gilashi mai ɗumi a rufinta na tamfol ba sai a zubi na biyu da ya fito a 1998. Ba kuma ƙananan motoci kaɗai ba. Mercedes SL ta 1989, duk da tsadarta, roba ce a rufinta na tamfol, haka BMW Z3, haka Porsche Boxster a shekarunta na farko. Akwai waɗanda suka bi ɗaya hanyar tun da wuri: Volkswagen Golf mai buɗaɗɗen rufi, wadda kamfanin Karmann ya fara haɗawa a 1979, da Saab 900 ta 1986, dukansu gilashi suke da shi mai ɗumi. Amma su ne 'yan tsiraru a zamaninsu.

Roba kuwa ba ta tsufa da kyau. Rana tana mayar da ita rawaya, kowace goga tana bar mata zane, in aka naɗe ta cikin tsananin sanyi takan tsage. Saboda haka idan tamfol ya mutu aka tashi sauya shi, masu mota da dama sukan sayi sabon rufi mai gilashi. Yakan iso a kwali da 'yan gajerun wayoyi biyu suna leƙowa daga gefen gilashin, ba su kai ko'ina ba. Mai ɗinkin rufi ya ɗora ya tafi abinsa, domin wuta ba sana'arsa ba ce. Daga nan ne sauran aikin ke komawa wuyan mai mota.

Yawan wutar da gilashin ke sha

Layukan nan masu launin ƙasa-ƙasa da ake gani a kwance a gilashin bayan mota ba wayoyi ba ne da aka cusa a ciki. Wani kwaɓi ne na azurfa da garin gilashi da ake bugawa a fuskar ciki, sannan a gasa shi ya manne. Kowane layi siriri ne, yana yi wa wuta turjiya idan za ta ratsa shi, turjiyar nan kuma ita ke haifar da zafi. Bajamushen nan Georg Ohm ya bayyana dangantakar matsin wuta da turjiya da yawan wutar da ke gudana a 1827, Baturen Ingila James Joule kuma ya auna zafin da ke fita daga waya a farkon shekarun 1840. Lissafin da mai gyara ke buƙata bai wuce abin da su biyun suka bari ba.

Ga misali. Idan injin na aiki, matsin wutar mota yakan kai kusan bolt 14. A ce an ɗora na'urar awo a bakunan gilashin biyu ta nuna turjiyar om 1.4. Aka raba 14 da 1.4, an samu amfiya 10, wato yawan wutar da gilashin zai ja ke nan. Aka ninka amfiya 10 da bolt 14, an samu wat 140. Fitilun gaba na yawancin motocin wancan zamani wat 55 ne kowace, biyun 110. Ashe layukan da ba su kai kaurin zaren ɗinki biyu ba sun fi fitilun gaba duka biyu shan wuta. Ƙaramin gilashi zai sha ƙasa da haka, babba kuma yakan kai amfiya 20, shi ya sa awo ke zuwa kafin a sayi komai.

Wannan adadi shi ne abin da mai gaggawa bai sani ba. Yana duba bayan motar sai ya ga wayar fitilun baya a kusa, ya fere ta ya murɗa tasa a kai ya naɗe da salatif. Wayar nan an zaɓe ta ne don ƙwan fitila mai wat 5 da na birki mai wat 21. In ya yi sa'a fis ya ƙone nan take, ya rasa fitilun baya a cikin hazo. In bai yi sa'a ba, ya cire fis ɗin ya sa wanda ya fi shi girma, ya ga abu ya yi aiki, ya yi murna, alhali wayar na can ƙarƙashin kafet tana dahuwa a hankali.

Abubuwa huɗu da ba a gani

Na farko fis. Mutane da yawa suna zaton fis na kare na'urar da aka jona ne, alhali wayar yake karewa. Batirin mota na iya sakin ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, domin da haka yake juya injin. Idan rigar wata waya ta goge, jan ƙarfenta ya taɓa jikin mota, duk wannan wuta za ta bi ta cikinta, cikin daƙiƙoƙi ta yi jawur ta kunna abin da ke kusa. A mota mai rufin naɗewa abin da ke kusa kafet ne da soso da tamfol. An yi fis ne ya zama wuri mafi rauni a layin, ya narke kafin waya ta narke. Saboda haka wurinsa kusa da batir ne, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba in da hali, domin duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai tsaro. Girmansa kuma ya ɗara abin da gilashin ke ja kaɗan, ya gaza abin da wayar ke iya ɗauka. Ga gilashi mai jan amfiya 10, fis mai 15 ya yi. A fis ɗin zamani mai ƙafa biyu launi ne ke faɗin girma: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30.

Na biyu kaurin waya. Ita ma waya tana da turjiyarta, gwargwadon sirantakarta da tsawonta. Mita ɗaya ta wayar jan ƙarfe mai faɗin baki murabba'in milimita ɗaya tana da turjiyar kusan om 0.0175. A ce layin ya ci mita biyar. Da siririyar waya mai rabin milimita, turjiyar ta zama om 0.175, gilashin da ya kamata ya ba da wat 140 sai ya tsaya a kusan 110, wat 14 kuma su zama zafi a jikin wayar kanta, a inda ba iska. Da waya mai milimita 2.5 kuwa, gilashin zai ba da kusan wat 133, wayar kuma ko ɗumi da ƙyar za ta yi. Bambancin kuɗin wayoyin biyu ba shi da yawa.

Na uku rile. Ɗan makunnin da ke gaban direba ba a yi shi don ya ɗauki amfiya 10 ko 15 ba, musamman tsoho wanda bakinsa ya riga ya ci. Rile makunni ne da wuta ke kunnawa: 'yar wuta kaɗan, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na amfiya ba, ta ratsa wani naɗin waya a cikinsa, naɗin ya zama maganaɗisu ya ja wani ƙarfe ya haɗa babban layi. Ƙafafunsa suna da lambobin da Jamusawa suka tsara, kuma kusan duk duniya ta bi su: 30 daga batir ta cikin fis, 87 zuwa gilashi, 85 da 86 na naɗin. Muhimmin abu shi ne naɗin ya samu wutarsa daga layin da ke mutuwa idan an zare makulli. In ba haka ba, ranar da aka manta shi a kunne za a wayi gari batir ya mutu murus. Motocin da suka zo da gilashin daga kamfani yawanci suna da abin da ke kashe shi da kansa bayan minti goma zuwa sha biyar, kuma ana sayar da rile mai irin wannan agogo. Ya cancanci kuɗinsa, tare da 'yar fitilar da ke nuna wa direba cewa abin na kunne.

Na huɗu hanyar komawa. Wuta ba ta gudana sai ta samu hanyar komawa batir, kuma a mota ƙarfen jikinta ne wannan hanya. Mai gaggawa yakan ɗaure wayar gilashi ta biyu a ƙarfen da ke riƙe da tamfol, tunda shi ne a kusa. Amma ƙarfen nan gaɓoɓi ne da ke juyawa a kan ƙusoshi, tsakaninsu akwai giris da fenti da tsatsa, wani lokaci har da zoben roba. Yau wuta ta wuce, gobe ta ƙi, jibi ta wuce da ƙyar tana zafafa gaɓar. Daidai shi ne a ja waya mai kauri ɗaya da ta zuwa har jikin motar, a kankare fenti a ɗaure ta a kan ƙarfe tsirara, a shafe wurin don kada tsatsa ta shiga.

Gaɓar da ke motsi

Har zuwa nan, duk abin da aka faɗa ya shafi kowace mota. Abin da ya keɓanta ga mai rufin naɗewa shi ne gilashin ba ya zama wuri ɗaya. Duk lokacin da rana ta fito aka sauke rufi, gilashin ya koma ya kwanta a bayan kujeru, wayarsa kuma ta bi shi. Kowa ya san yadda ake karya waya ba tare da almakashi ba: a yi ta lanƙwasa ta a wuri ɗaya har ta gaji ta rabu. Rufin mota na yin wannan aikin sannu a hankali, shekara da shekaru. Silin jan ƙarfen cikin wayar suna karyewa ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin riga, waɗanda suka rage su ɗauki nauyin duka, wurin ya fara zafi, kuma daga waje ba abin da ido zai gani.

Maganinsa haƙuri ne wajen shimfiɗa wayar. A zaɓi mai sili da yawa masu laushi, a bar mata rara yadda za ta yi baka mai faɗi maimakon ta karye a kusurwa, a sa ta cikin riga ta biyu, a bi da ita ta inda gaɓoɓin ƙarfen ba za su datse ta ba. A ɗaure ta kusa da gilashin, don kada nauyin ja ya faɗa kan ɗan ƙarfen da aka manna a jikinsa, domin in ya ɓalle mayar da shi aiki ne mai wuya, zafin dalma kuma na iya fasa gilashin. Sannan a sauke rufin a ɗaga shi sau da yawa ana kallon yadda wayar ke tafiya, kafin a mayar da kafet. Motocin zamani da dama suna yanke wa gilashin wuta da kansu idan rufi na ƙasa, tunda ba amfanin ɗumama gilashin da ke kwance a kan tamfol. Ɗan makunni guda a gindin rufin zai yi wa tsohuwa wannan aikin.

Kafin duk wannan, akwai abin da ya kamata a fara dubawa, wato taswirar wayoyin motar. Wasu motocin an sayar da su da zaɓin rufin ƙarfe ko na roba mai tauri da ake ɗorawa lokacin sanyi, shi kuma yana da gilashi mai ɗumi, don haka kamfanin ya riga ya ja layin ya bar bakinsa a ɓoye a bayan kujera. Wanda ya samu haka ya huta. MX-5 ta farko tana da wani sauƙin kuma: batirinta a but yake, kusa da tagar, don haka babban layin gajere ne.

Motar da ba ta da rarar wuta

Akwai motocin da amsar a kansu ita ce a dakata. MGB, wadda aka ƙera a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980, misali ce mai kyau. Na farko-farkonta, har zuwa 1967, dainamo suke da shi na kamfanin Lucas wanda iyakarsa amfiya 22, kuma ba ya ba da abin kirki idan injin na tsaye yana juyawa a hankali. Fis biyu ne kacal a duk motar. A safiyar sanyi mai duhu da ruwa, fitilun gaba sun ɗauki kusan amfiya 9, ga ƙananan fitilu, ga waifa, ga fanka, ga wutar da injin kansa ke buƙata. In aka ƙara amfiya 10 a kan wannan, an wuce abin da dainamon ke samarwa, batir ne ke cike giɓin, kuma a cunkoson gari zai yi ta raguwa har ranar da motar za ta ƙi tashi. Mai irin wannan mota sai dai ya fara sauya dainamo da altaneta, ko ya haƙura.

Waɗannan na farkon suna da wani abin tuntuɓe kuma: ƙafar batir mai alamar tarawa ce aka ɗaure a jikin mota, akasin yadda ake yi yanzu. Layukan gilashi ba ruwansu da ta inda wuta ta shigo, amma rile mai agogo yana da kayan laturoni a ciki, in aka jona shi a juye ya lalace. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a nan ne yake kama wanda ya koyi aikin a kan wata mota ya zo zai maimaita shi a kan wata.

Hujjar masu cewa a bar ta yadda take

Masu kishin asali suna da magana, kuma ba ta banza ba ce. A ganinsu tsohuwar mota shaida ce ta zamaninta. Yau an sauya taga, gobe birki, jibi injin, a ƙarshe sai a samu sabuwar mota sanye da tsohuwar riga. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, tana da wata yarjejeniya da ake kira ta Turin, wadda ta fara aiki a 2013, kuma jigonta shi ne a riƙa ɗaukar irin waɗannan motoci a matsayin kayan tarihi.

Sai dai yarjejeniyar ba ta ce a kulle su a ɗaki ba. Ta yarda cewa hawa su wani ɓangare ne na adana su, kuma inda sauyi ya zama dole, abin da take so shi ne ya zama wanda za a iya warwarewa, a rubuta shi, a ajiye kayan asalin da aka cire. Aikin gilashin da aka yi da kyau ya cika waɗannan sharuɗɗa. Tamfol abu ne mai ƙarewa kamar taya, da wuya a samu motar shekara talatin da rufinta na farko. Layin da aka ja daban daga batir, da fis ɗinsa da rilensa, bai yanki ko waya ɗaya ta asali ba, kuma ana iya zare shi cikin awa guda. Aikin gaggawa ne ke ɓata tarihi, domin shi ne ke fere wayoyin kamfani, ya huda dashbod don sa makunni, wani lokaci ya ƙone motar ƙurmus. Motar da ba ta da irinta, wadda ba ta fita sai ranar baje-koli a tsakiyar rani, lalle a bar ta da robarta. Wadda ake zuwa aiki da ita a watan Janairu hukuncinta daban ne.

Wasu kuma sukan ce ai direban babbar mota ba ya ganin baya ko kaɗan, madubin gefe ya ishe shi. Madubin babbar mota kusan faɗin faranti ne, kuma a sama yake. Na tsohuwar ƙaramar mota bai fi tafin hannu ba, wasu ma guda ɗaya suka zo da shi. Idan rufin tamfol na sama, gefensa na baya yadi ne mai faɗi da ke toshe gani ta kafaɗa, tagar nan kaɗai ta rage. Mai keke da ke tahowa a baya, ko yaron da ya gitta lokacin da ake ja da baya, ta cikinta za a gan shi ko a rasa ganinsa. Ƙa'idojin hanya na Birtaniya, a doka ta 229, sun ɗora wa direba nauyin share ƙanƙara daga dukan tagoginsa da tabbatar da cewa raɓa ta washe kafin ya tashi.

Aikin da ba mai dubawa

Abin da ya sa wannan ƙaramin aiki ya cancanci dogon bayani shi ne ba wanda ke bin sawunsa. A Birtaniya, tun watan Mayun 2018, motar da ta haura shekara 40 kuma ba a yi mata babban sauyi ba an ɗauke mata gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Dukan MGB sun shiga wannan sahu, MX-5 ta farko kuma za ta cika shekara 40 a 2029. Ko motar da ake gwadawa ma, mai gwaji ba ya ɗaga kafet. Wayar da aka murɗa aka naɗe da salatif za ta zauna a can har a sayar da motar, ta koma hannun wanda bai san da ita ba, shi ne kuma zai ji ƙaurin roba wata rana a kan babbar hanya. Saboda haka mai aikin kirki yakan zana 'yar taswira ta abin da ya ƙara, ya rubuta girman fis da inda ya sa shi, ya ajiye tare da takardun mota, ya kuma sanar da kamfanin inshora.

Mai karatu a Kano ko Zinder zai iya cewa wannan matsalar mutanen ƙanƙara ce. Motar mai rufin naɗewa tasu ce, gaskiya, amma gilashin ya daɗe da isowa. Kusan duk motar da aka shigo da ita daga Turai ta Kwatano ko Legas tana da maɓallin nan mai hoton akwati da kibiyoyi masu lanƙwasa, kuma yana aiki a safiyar damina ko a sanyin Jos, in dai ba a kankare layukan da reza ba wajen cire baƙar ledar gilashi ko wata takarda da aka manna. Layin da ya yanke ana gane shi da na'urar awo: a tsakiyar lafiyayyen layi za ta nuna kusan rabin matsin batir, a yankakke kuwa ta nuna duka ko babu. Akwai fentin azurfa da ake ɗinke shi da shi.

Ɗabi'ar da ke kai ga gobara kuma ba ta da ƙasa. Fis ya ƙone, a naɗa masa silin waya a mayar. An sayi manyan lasifikoki ko ƙarin fitilu, a jona su a wayar da ta fi kusa. Garin neman gira a rasa ido. Mai mota ba sai ya iya aikin ba kafin ya kare kansa. Ya isa ya tsaya a kan mai gyaran wuta ya ce a nuna masa fis ɗin sabon layin, a faɗa masa amfiya nawa ne kuma me ya sa, a nuna masa kaurin wayar, sannan a zare makulli ya ga ko abin ya mutu. In gilashi ne, ya kunna shi ya jira minti biyar, ya ɗora tafin hannu a kansa ya ji ɗumi, sannan ya kama wayar da yatsu. Ita ya kamata ya ji ta da sanyi.